Alter Aeon da NVDA, gem ɗin da ba ruwansa da ido

Salam jama'a. Tunda na faɗa a wani zama cewa ina buga gem a kwamfuta ake ta tambayata wai wane irin gem ne kuma makaho zai buga, wasu da gaske suke son sani wasu kuma tsokana ce kawai, toh bari na rubuta shi gaba ɗaya kowa ya huta. Ni makaho ne, ina koyarwa a wata firamare a ƙauyenmu nan ƙasar Ringim, kuma wannan rubutun da kuke karantawa da hannuna na buga shi ba wani ne ya rubuta min ba.

Sunan gem ɗin Alter Aeon. Kyauta ne, ba a siyan shi, kuma tun 1995 yake aiki har yau ba a rufe ba. Babu hoto a cikinsa ko ɗaya, komai rubutu ne. Zai rubuto maka cewa kana tsaye a bakin wani gari, akwai hanya ta arewa da ta gabas, ga wani mai gadi a tsaye ga kare yana shawagi, kai kuma sai ka rubuta abin da kake so kayi, in ka rubuta north ka nufi arewa kenan, look ka duba inda kake, kill da sunan abu ka far masa da faɗa. Kuma ba kai kaɗai bane a ciki, mutane ne daga ƙasashe daban daban duk a duniya ɗaya lokaci ɗaya, kuna haɗuwa kuna hira kuna haɗa guruf ku tafi farautar dodo tare. Irin wannan gem ɗin shi ake kira MUD, kuma ya girmi yawancin masu yi min dariya, don na farkonsa a 1978 aka yi shi a jami'ar Essex a Ingila, Roy Trubshaw da Richard Bartle ne suka haɗa shi, kafin su ma a 1976 wani Ba'amurke Will Crowther ya riga ya yi wani na shiga kogo wanda mutum ɗaya ke bugawa. A lokacin ba don makafi aka yi su ba, kwamfutar ce ba ta iya nuna hoto sosai, masu ido ne suka yi ta bugawa har hoto ya zo suka watse suka bar mana.

Toh ya nake karanta rubutun? Nan NVDA ta shigo. Manhaja ce da take karanta maka duk abin da ke kan allon kwamfuta da murya. Wasu makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka yi ta, Michael Curran ya fara ta a 2006 sannan James Teh ya shigo suka cigaba tare, kuma kyauta suke bada ita. Wanda ya san kuɗin lasisin JAWS (wata manhajar karanta allo ce irinta amma ta siyarwa) da dala shi zai gane darajar wannan kyautar, don albashin malamin firamare ko an haɗa na watanni ba zai je ko'ina ba a wajen. Abin da ya fi burge ni da ita shine zaka iya saka ta a filash ka tafi da ita, duk kwamfutar Windows da ka samu ka soka ta fara magana ba sai kayi instolin ba, ni da haka nake aiki a shagon kwamfuta in na shiga Ringim. Muryar eSpeak da take zuwa da ita gaskiya ba daɗi, irin ta inji ce sosai, ranar farko kanka zai yi ciwo, amma ita ce zaka iya ƙara wa gudu har mai ido da ke kusa da kai ya kasa gane ko kalma ɗaya, kuma a gem gudun nan shine rayuwarka. In surutu ya ishe ka ka danna Ctrl tayi shiru. Hausa kam in ta zo karantawa a tawa kwamfutar da bakin Turawa take karanta ta, sunan garinmu ma sai na yi dariya, amma kunne yana sabawa, yanzu saƙon WhatsApp na Hausa ina fahimtarsa tsaf.

NVDA kaɗai ba za ta ishe ka ba a wannan gem ɗin, gara na faɗa tun yanzu. In faɗa ya kaure rubutu yana zubowa layi bayan layi, ka sare shi ya kauce ya buge ka jininka ya ragu wani ya shigo wani ya fita wani yana magana a gefe, kafin murya ta gama karanta layin farko an riga an kashe ka. Maganin wannan shine MUSH-Z, wani kunshi ne da masu buga gem ɗin suka haɗa a kan manhajar MUSHclient musamman don makafi. Abin da yake yi shine ya ɗauke yawancin rubutun nan ya maida shi sauti. Sara yana da ƙararsa, kaucewa tana da tata, in jininka ya yi ƙasa akwai ƙarar da za ta gargaɗe ka, in wani ya yi maka magana kai kaɗai sautin daban ne da na hirar jama'a, har kiɗan wuri yana canzawa in ka bar gari ka shiga daji. Sai murya ta koma karanta abin da ya zama dole kawai. Wallahi ranar da na fara gane sautukan nan ba tare da na tsaya tunani ba na ji daɗin da na daɗe ban ji ba, hannu yana kan kibod kunne yana aiki, ba wanda yake tsaye a kaina yana faɗa min abin da ke faruwa. Shi kansa gem ɗin yana da saiti na masu amfani da manhajar karatu, yana rage musu zane zanen da ake yi da alamomi irin taswira, wanda in murya ta karanta shi sai dai kaji tana ta jero sunan alama ba ma'ana.

Ga mu 'yan ƙauye kuma akwai abin da ya fi komai, data. Tunda rubutu ne kawai yake kai da kawowa, sautukan kuma suna cikin kwamfutarka tun ranar da ka sauke su, abin da yake ci bai kai ya kawo ba. Yaran gidanmu bidiyon TikTok na 'yan mintuna zai cinye musu abin da ni zan yi dare guda ina bugawa da shi. Sabis ɗinmu sai ka nemi wajen da yake kamawa, ni ta tagar ɗakina ta gabas nake ajiye waya na kunna hotsfot, ko ya sauka ya koma na da can gem ɗin yana tafiya, sai dai in ya ɗauke gaba ɗaya kana tsakiyar faɗa toh sai addu'a. Saukewar farko ce mai nauyi saboda sautukan, wannan kam ka bari sai ka shiga gari. Wuta kuma ba sai na faɗa ba, laftof ɗina ta hannu ce batirinta ya gaji, wajen mai caji da sola nake aika ta da safe a dawo da ita da yamma, iyakar batir iyakar wasa.

Amma dalilin da yasa na liƙe masa ba data bane. A dandali in ana whot ko lido sai an samu wanda zai zauna kusa da ni ya raɗa min katin da ke hannuna ko abin da ƙwayar ta nuna, kuma ko amininka ne kana sane cewa wasanka yana bakinsa, in kaci ma sai ace ai wane ne yaci maka. Dara ce kawai nake iya laluba da hannu, ita ma sai an yi haƙuri da ni ana jira. A Alter Aeon abin da mai ido ya karanta shi na ji, harafi ɗaya bai fi ni ba. Akwai wanda muka daɗe muna fita farauta tare ban san ko yana gani ba shi ma bai san nawa ba, sai wata rana hira ta kawo muka gano duk makafi ne, kuma makafi suna da yawa a ciki sosai, ba baƙi bane. Ba mai ce maka sannu Allah ya ƙara haƙuri. In ka yi shirme ka jawo aka kashe guruf za a yi maka faɗa yadda za a yi wa kowa, kuma ku yarda da ni faɗan nan yana da daɗi.

Yanzu inda yake da matsala. Turanci ne zalla, kuma ba na gaisuwa ba, akwai sunayen makamai da sulke da ganyayyaki da ban taɓa ji a makaranta ba. Wanda Turancinsa bai zauna ba zai sha wuya, kuma mu san gaskiya makafinmu nawa ne suka samu zuwa Tudun Maliki a Kano ko makarantar makafi ta Gindiri balle su kai ga kwamfuta. Sannan MUSH-Z na Windows ne, wanda waya kawai gare shi ba zai more shi ba, don buga umarni da TalkBack, manhajar da ke karanta allon wayar Android, a kan gilashi kana laluben harafi ɗaya ɗaya dodo ba zai jira ka ba. Koyonsa ma yana cin lokaci, a tsibirin Sloe ake farawa inda aka sauƙaƙa wa sababbi, daga nan Kordan sannan Archais kafin ka shiga babbar ƙasa, ni a Sloe ɗin na daɗe ina ɓata hanya don taswirar a kanka zaka zana ta. Lokaci kuma, da yawansu a Amurka da Turai suke, mu kuma muna gaban gabashin Amurka da awa 5 ko 6, toh lokacin da wajen ya fi cika mu dare ya raba, ga asuba ga aji yana jira.

Sai maganar da na san za a tambaye ni. Eh akwai sihiri a cikin labarin gem ɗin, akwai gumakan ƙarya na duniyarsu, cikin kalolin ɗan wasa 6 da ake zaɓa har da mai tada matattu. Ni jarumi mai takobi na ɗauka na haɗa da ɓarawo (kar ku yi dariya, shine mai iya buɗe ƙofa da laɓewa), na bar sauran. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da irin wannan ba ko a ƙage ne toh ya tambayi malaminsa ko ya haƙura, ba zan ce masa komai ba, amma kar wani ya shiga yace ban faɗa masa ba.

Wannan ya kawo ni kan mutanen gida, don yadda kowa ya ɗauki abin shi ya fi bani mamaki. Baba da ya ji wai wasa nake yi cewa yayi, kai yanzu da girmanka da iyalinka, Allah ya baka ilimi ya raba ka da bara sai ka ƙare a wasan yara? Nace Baba ai karatu ne, Turancina ma ƙaruwa yake. Yace in karatu ne me ya kawo ƙarar takobi. Ban ja da shi ba. A wajensu Baba makaho hanyarsa biyu ce, ko allo da haddar Alƙur'ani ko sandar bara da ɗan jagora, duk wanda Allah ya fitar daga ta biyun kuma bai kamata a ganshi yana ɓata lokaci ba, kamar hutu ba namu bane, alhali su da kansu in la'asar tayi suna gindin darbejiya suna dara har magariba.

Amma akwai wani dattijo makaho a ƙauyen gaba da mu, tsohon almajiri ne ya haura sittin, bai san ko harafi ɗaya na boko ba, ya zo gaishe da Baba ya ji kwamfuta tana surutu yace menene. Na fara fassara masa, Malam ga mu a bakin kogo, hanya ta rabu biyu, ta hagu ana jin ƙarar ruwa. Kafin na rufe baki yace kar ka bi ta ruwan, ka fara duba ko akwai sawu. Nan take ya gane abin, ba sai da na yi wani dogon bayani ba, yace ai wannan tatsuniya ce sai dai kai ne Gizon. Mutumin da ya tashi da ga ta nan ga ta nanku a ɗakin kaka, ya girma da rediyo a kunne yana jin wasan kwaikwayo da labarun BBC Hausa, shi gina gari a cikin kansa daga magana ba sabon abu bane. Yanzu in ya shigo cin kasuwa yakan biyo yace Malam ƙarami ina muka tsaya, ni ina kibod shi yana bada umarni, kuma ya fini riƙe hanya nesa ba kusa ba, in nace mun ɓata sai yace a'a arewa biyu muka yi sannan gabas, koma yamma.

Yara masu ido kuwa ba a magana. Ɗan yayana da baya ɗaga kai daga Free Fire ya leƙo allon yace Baffa ina gem ɗin? Nace gashi nan kana kallo. Yace wannan ai jarabawa ce. Ya zauna minti kaɗan ya tashi, wai shi ba zai yi karatu a makaranta ya dawo gida ya sake wani ba. Ban ga laifinsa ba sosai, shi tunda ya buɗi ido hoto ne yake motsi a gabansa, a gidan gem na bakin kasuwa ƙwallo suke bugawa a PlayStation fuskar ɗan wasa kamar a taɓa, ace masa ya karanta cewa ga dodo nan alhali a wayarsa dodon yana tsalle, ina zai saurare ka.

Wanda maganarsa ta tsaya min a rai shine wani yaro makaho ɗan shekara sha bakwai da yake zuwa ina koya masa NVDA in sun dawo hutu. Na ɗauka shi kam zai rungumi abin hannu bibbiyu. Ya buga, ya iya ma da sauri fiye da ni, sai yace Malam yana da daɗi amma ni ba gem ɗin makafi nake so ba, wanda abokaina suke bugawa nake so, in an zauna ana labarin wa ya ci wa nima na sa baki. Na so na ce masa ai wannan ba na makafi bane asali, amma na gane me yake nufi, a ƙauyen nan duk sa'anninsa babu mai buga shi, in ya ci dodo mafi girma a Archais wa zai faɗa wa? Kuma buƙatarsa ba mafarki bace don an fara yi. The Last of Us Part II da ya fito a 2020 an saka masa saitunan da makafi suka buga shi daga farko har ƙarshe da sauti da murya, Forza Motorsport na 2023 ya zo da sautukan da ke taimaka wa makaho tuƙa motar tsere shi kaɗai. Kenan in kamfani ya ga dama zai iya. Sai dai waɗannan na masu PlayStation da Xbox ne da wuta tsayayya, waɗanda yaranmu ke bugawa a waya kuma in ka kunna TalkBack a kansu shiru zaka ji, don duk allon hoto ɗaya ne a wajenta. Mu da muka fara taɓa kwamfuta da girmanmu duk abin da ya yi magana godiya muke, su kuma sun tashi waya tana magana tun farko, iPhone tun 2009 take da tata manhajar karatun mai suna VoiceOver, shi yasa su tambayarsu itace don me wancan ba zai yi magana ba. Kuma inaga su ne da gaskiya, ko da yake ni ba zan bar nawa ba.

Wanda waya kawai gare shi kuma yana son ɗanɗana irin wannan, ya nemi wasannin kamfanin Choice of Games, labari ne ake karanta maka sai ka zaɓi abin da zai faru gaba, ba gaggawa ba buga umarni, kuma suna tafiya da manhajar karatu lafiya lau, yawanci farkon labarin kyauta ne sauran sai ka biya. Mai iPhone kuma akwai A Dark Room wanda aka gyara shi ya dace da VoiceOver. Duk dai Turanci ne. Har yanzu ina mamakin yaranmu masu karanta kwamfuta a Dutse da BUK, ga marubuta littattafan Hausa birjik a Kano suna zuba labari a WhatsApp kullum ana siya, a haɗa kai a yi irin wannan da Hausa mana, ba hoto za a zana ba balle ace tsada, ko ba muryar inji a ɗauki muryar mutum kamar yadda ake karanta littafi a rediyo.

In maki ake so, NVDA na bata biyar cikin biyar ba tare da na yi dogon tunani ba, Alter Aeon da MUSH-Z huɗu, ɗayan na cire shi saboda Turanci da kuma rashin na waya mai kyau. Wanda zai gwada ya fara koyon kibod tukuna kafin ya taɓa gem ɗin, ka laluba harafin F da J zaka ji ɗan tudu a kansu, nan manuniyarka biyu za su zauna sauran yatsu su bi layi, in hannunka bai saba ba zaka tsani abin a banza. In maɓallan laftof ɗinka sun shafe ko sun yi laushi ka sa a siyo maka kibod na USB a kasuwar Farm Centre ta Kano, mai maɓalli masu tsayi ya fi, kuma ka samu iyafis mai kunne biyu masu aiki duka, ba irin wanda ɗaya ya mutu ana ta murɗa wayarsa ba. In ka shiga ka rikice ka rubuta help, ko ka yi tambaya a layin hirar sababbi, ana amsawa ko da Turancinka a karye yake.